Zauren Kawu Lauwali da Na'urar Masu Fasa Dutse

Kawu Lauwali magini ne, ɗan magini, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni. A zamanin da ake ginin ƙasa na gaske, daga Gwiwa har Babura ake aikowa nemansa. Shi ne mai sa a kwaɓa ƙasa a bar ta kwana bakwai kafin a murza tubali. In ka nemi a rage kwana ɗaya, sai ya ɗauki hularsa ya tafi. Bai taɓa zama mai fara'a ba. Da bulo da siminti suka karɓe masa sana'a, sai ɗan abin da ya rage na sakin fuskar ya bi su.

Abin da ya rage masa na nunawa shi ne zauren gidansa, mai baka huɗu masu tallafe rufi da azarar giginya, wanda suka gina shi da mahaifinsa a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama. Shekara hamsin bai yi yoyo ba.

Sai wani kamfani ya zo ya kafa injin fasa dutse a bayan gari. Kowace Talata da Alhamis, bayan azahar, a busa jiniya a tashi nakiya, ƙasa ta motsa, kwanuka su yi ƙara a ɗaka. Cikin wata biyar bangon gabas na zauren ya tsage. Kawu yana manna ɗanyar laka a kan tsagar da safe, da yamma ya tarar ta rabe biyu. Ya kai ƙara wajen mai unguwa, ya kai wajen dagaci, ya kai wajen hakimi. Tifar kamfanin kuwa ba ta wucewa ta ƙofarsa bai bi ta da baƙar magana ba.

A ƙarshe kamfanin ya turo injiniyansa, wani mai suna Nafi'u, da na'urar awon girgizar ƙasa. In awo ya wuce ƙa'ida, dole a rage nakiya, a matsar da wurin fashin nesa da gidaje.

"Baba, barka da hutawa," in ji Nafi'u, ya durƙusa.

"Wane hutu? Wanda kuka bar mini?"

Nafi'u ya sauke na'urar. Ya share gindin bangon, ya kafa ƙusoshin na'urar guda uku a ƙasa, ya danna da tafin hannu. "Ga amana, Baba, a kula da ita. Zan kai wata na'urar ƙasan gari, in an tashi nakiya zan dawo."

"Amanar ɓarawo ma riƙewa muke yi. Tafi."

Da ya tafi, Kawu ya tsaya yana hararar abin. Ga kaji suna tono, ga akuyar maƙwabta tana shinshina. Ya ce a ransa, abin da masu kamfanin suke jira ke nan: na'urar ta lalace a gidansa su yaɗa cewa da gangan ya yi. Kuma tun da ya tashi, ba a taɓa barin kayan baƙo a ƙasa a wannan gida ba, ko baƙon maƙiyi ne. Ya tumɓuke ta, ya shimfiɗa buzunsa, ya ɗora matashin kai mai laushi, ya kwantar da ita a kai.

Aka busa jiniya. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga azara. Da Nafi'u ya dawo, daga bakin ƙofa Kawu ya miƙa masa na'urar a goge tas, ko tabarma bai ba shi ba.

Bayan sati biyu Nafi'u ya zo da takarda mai hatimi. Ya karanta: girgizar gidan Malam Lauwali ba ta kai ko rabin ƙa'ida ba, tsagar ta tsufan gini ce.

"Tsufan gini? Kai, ubanka na rarrafe na ɗaure bakan nan! Ƙarya injinku yake yi, butulu kamar masu shi. Ni da na ɗauke shi daga ƙasa na kwantar da shi a kan matashi!"

Nafi'u ya ɗago kai. "A kan me, Baba?"

"Matashi. Da buzu."

"Innalillahi! Baba, ai ƙasar take saurara. Matashin ya shanye girgizar."

"Ka faɗa mini? Ka buɗe baki ka faɗa mini?"

"Na ce a kula da ita."

"Na kula!"

Nafi'u ya ce an riga an sa hannu an aika, ba za a sake awo a wannan shiyya ba sai bayan kaka. Kawu ya dubi tsagar, yatsu uku suna shiga. Ya fi kowa sanin rufin ba zai ga ƙarshen damina ba, kuma nan ne dattawan unguwa suke zama bayan la'asar.

Ranar Laraba da hantsi ya jingina tsani ya hau da diga. Matarsa Barira ta fito tana salati.

"Malam, ka bari a sake roƙonsu mana!"

"In roƙi wa? Gobe Alhamis. Ba zan bari su su kayar da shi ba."

Ya fara daga gabas, yana zare azara ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a gefen hanya inda tifofin suke bi.