Jar Tutar Si Muldi

Shekara talatin da ɗaya Si Muldi yana taka layin dogon da ya ratsa gonakin zaitun ya hau duwatsu, ƙatuwar sifana a kafaɗa, yana neman notin da ya kwance. In jirgin safe mai shan dizal ya taho yana nishi, sai ya ɗaga koriyar tuta, direba ya amsa masa da oda ɗaya. Mutum ne mai bin doka har ta kai shi ga wauta.

Direban nan kuwa ɗansa ne, Taufik. Ranar da uwar yaron, Shadliya, ta rasu da asuba, Si Muldi ya je bakin gada ya ɗaga masa koriya ya wuce, wai ba a tsayar da jirgi sai in hanya ta ɓaci. Kafin Taufik ya dawo an kai ta makwancinta. Shekara huɗu ke nan ba abin da ke haɗa su sai odar nan. Kewar muryar ɗansa ta hana tsoho jin daɗin abinci, kullum yakan tsaya kallo har hayaƙi ya baje a kan kwari.

Saura kwana uku ya ajiye aiki, ya ɗaga jar tuta.

Jirgi ya ci birki. Mata masu kai kaji kasuwar Beja suka leƙo ta taga.

"Si Muldi, ko akuyarka ce ta haihu a kan layi?" in ji wata tsohuwa.

Taufik ya sauko fuska a murtuke. "Ina matsalar?"

Ko "Baba" babu. Tsoho ya nuna wani noti da shi da kansa ya ɗaure jiya. Taufik ya durƙusa ya taɓa, noti lafiyarsa ƙalau. Ya ɗago, ya dubi uban.

"Kawo sifanar," ya ce.

Suka kama su biyu suka yi ta ja, noti ko gezau.

"Ka rame, Baba."

"Kai ma ai ba ƙiba ka yi ba."

Kwandasta yana ta nuna musu agogo. Taufik ya goge hannu a wando, ya taka matakalar inji, sannan ya waiwayo.

"Gobe ma ka tsayar da ni a nan. Ban yarda da wurin nan ba."