Kawu ya gyara mini gari a kwamfuta

"Wanga gari naka ba shi kai damina."

Kawuna ne ya faɗa, yana leƙen kwamfutata ta bayana. Daga Birnin Tudu ya zo Mafara ganin likita.

Wasan gina gari nake bugawa, a yi noma, a tara mayaƙa, a tare mahara. Sati biyu ana cinye ni, har na kusa komawa wasan takobi.

Na ce, "Kawu, mi ka gani?"

Ya nuna da yatsa. "Mayaƙa rututu, rumbu guda, kuma bakin ƙofa. In an ƙone shi, mi mutanenka za su ci? Raba hatsin ukku, ka kai wani bayan gulbi."

Na bi maganarsa. Mahara suka ƙone rumbu ɗaya, amma garin ya tsira.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan dabara. Ya ce haka kakanmu yake aje gero.

Har yanzu ina tunanin abubuwan da dattawanmu suka sani da ba mu tambaya. Wane wasan dabara za ku ce in nuna masa kafin ya koma?