Kore a Mahaɗar Layin Dogo

Tun yana saurayi Baba Mai Shinge yake gadin inda titi ya ratsa layin dogo. Da wata tsohuwar waya mai madannai ya saba aiki, wadda ta sha faɗuwa har ya ɗaure ta da roba. Amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Da jirgi ya taso za a kira daga tasha, ta rangaɗa ƙara, ya sauke shinge.

Bana ofis ya karɓe ta, aka ba shi tabilet, wata faffaɗar waya mai araha. In ta nuna kore hanya a buɗe, in ta nuna ja ya rufe. Sai dai ba ta jure zafin rana, nan da nan take sandarewa kamar mai barci ido buɗe.

"Wannan abar sai ta jawo mana bala'i," ya sha gaya wa matarsa.

Yau da azahar tana kore, motoci sun yi cunkoso a kan layin. Ya dubi agogonta, har yanzu safiya yake nunawa. Ya danna, shiru. Ruwan kofinsa da ke kan benci ya fara rawa, kamar yadda yakan yi in jirgi ya kusa.