Launi Shida, Ɗigo Bakwai

Ƙarfe bakwai na safe Baba Jadawali yake buɗe ɗan ofishinsa na ƙarƙashin matakala, ya shimfiɗa farar takarda, ya fiƙe fensiransa masu launi. Shekara ashirin da tara yana tsara jarrabawar kwalejinmu, amma ba a tuna shi sai ranar da za a zage shi.

Ga yadda aikin yake, in na fahimta daidai. Kowane darasi ɗigo ne. In ɗalibi na ɗaukar darussa biyu, sai a ja layi tsakanin ɗigonsu. Kowace ranar jarrabawa da launinta, kuma ɗigo biyu masu layi a tsakani ba sa shan launi ɗaya.

Bara aka rage kwanakin zuwa shida. Baba ya tarar da ɗigo bakwai, kowanne da layi zuwa kowanne. Ya juya, ya goge, har takardar ta huje. Layi guda ya rasa yadda zai yi da shi, kuma mutum ɗaya ne a kansa: yayana, mai maimaita darasi a damarsa ta ƙarshe.

"Baba, kan mutum ɗaya za ka tsufa?" in ji shugaban sashe. "Ya jira baɗi mana."

"Ranka ya daɗe, ai na riga na tsufa. Shi kuma ba shi da baɗi."

"To, kana da launi na bakwai a aljihu ne?"

"Babu. Amma launi ɗaya zai iya ɗaukar layi ɗaya, in an samu mai zama a kansa."

Kai ne ka zauna, Baba. Jarrabawar biyu suka faɗo rana ɗaya. Yaya ya rubuta ta safe da jama'a, ka kulle kanka da shi don kada a ce ya ji tambayoyin ɗayar, har ya rubuta ta da la'asar. Mai shara ta ce ta leƙa ta taga, ta gan ka kana yi masa fifita da tsohon jadawali, ƙafarka mai ciwo a kumbure. Gishirin aiki, sai ka ɓace a san ka.

Yaya ya ci ta safe. Ta la'asar ya faɗi da maki uku, aka sallame shi. An ce da Baba ya ji, ya daɗe yana kallon takardarsa.

Watan jiya ya yi ritaya. Mutum huɗu suka zo bankwana.

Mun gode, Baba. Masu tsara mana rayuwa a takarda, ku riƙa duba wanda ke kan layi kafin ku goge shi. Yaya ne ya ce in rubuta wannan, ya kuma ce kada in gyara maganarsa: "Ki gaya masa ya daina damuwa. Da hannuna na faɗi, ba hana ni shiga aka yi ba."