Addu'ar da Baffa Ya Yi wa Kakata

A ɗakin labarai na gidan rediyon da na fara aiki an hana mu faɗin arne. Idan labari ya zo da mutanen da ba musulmi ba kuma ba kirista ba, sai mu ce mabiya addinin gargajiya. Na riƙe ƙa'idar nan ina ganin ta gyara wani abu, har lokacin da na je hutu Nguru, wani direban motar kifi ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce kakata ta rasu a ƙauyensu bayan Gashuwa, an ma binne ta tun jiya.

Ita ta haifi Inna. 'Yar Bade ce, kuma na zauna a wurinta ina yaro. Tana salla, tana azumi, ba ta rabuwa da carbi. Amma duk shekara, ranar da za a buɗe tafki a fara su, takan dama gumba ta riga masunta zuwa bakin ruwa, ta zuba, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Badanci. Na taɓa tambayarta wa take ba wa. Ta ce, "Masu wurin. Kai kana shiga gidan mutane ba sallama?"

Dangin mahaifina fataken Kano ne da jirgin ƙasa ya zaunar a Nguru. Mahaifina ya rasu, gida yana hannun wansa, Baffa, mai sarin bandar kifi. Sun san zancen gumbar, kuma tun auren Inna suke kiran uwarta arniya a bayan idonta.

Inna ta kira ni ɗaki. Abu ɗaya take so: Baffa ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya roƙa wa uwarta gafara a gaban mutanen unguwa. Wanda ba musulmi ba, ba a yi masa wannan. In ya yi, bakin kowa ya rufu. In ya ƙi, sunan ya tabbata a kanta da mu duka.

Na same shi a zaure da amininsa, wani dillalin hatsi.

"Ɗan rediyo, zauna," in ji Baffa. "Kai ka zauna da tsohuwar nan. Musulma ce ko arniya?"

Na ce tana salla, tana azumi, kuma tana zuba gumba a tafki.

"Ba labaran duniya na ce ka karanta min ba. Kalma ɗaya nake nema."

"Alhaji," in ji dillalin, "kifin tafkin nan dai shekara nawa kana loda shi Kudu, ban taɓa jin ka tambayi addininsa ba."

"Kifi ba ya neman addu'ata."

Na duba abin da ke hannuna. In na ce musulma ce kawai, zai tambaye ni gumbar, kuma da idona na gani. Arniya kuwa ƙarya ce, don a bayanta na koyi tahiya. Kalmar ofishinmu ta fi duka muni, domin ita ma fitar da ita take daga sahu, sai dai cikin ladabi. Na lura tambayar ba ta neman sanin abin da tsohuwar ta yi imani da shi. So ake a san inda za a tsayar da ita.

Na ce, "Baffa, salla ta fi gumba yawa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarmi.

Bayan la'asar mutane suka taru. Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Haka ake cewa idan ba a son ɗaukar nauyin mamaci. Bai ambace ta ba, bai kuma cire ta ba. Kowa ya shafa, ni ma na shafa.

Inna tana tsaye a bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta ji komai. Da na shiga ta ce, "Tana ciki ko ba ta ciki?"

Na ce, "Bai faɗa ba, Inna."

"Na san bai faɗa ba. Kai nake tambaya."

Na ce tana ciki. Ta gyaɗa kai, ta koma ɗaki. Ni da ita mun san a zaure ake son jin wannan, kuma an riga an naɗe tabarmi.