Irin Tattasai da Yoyon Tagar Sama

Ana sallame sallar asuba muka bar Diffa, ni da wani abokin aikina mutumin Dogondutsi, wanda bai iya zama a mota da bakinsa rufe ba. Tafiyar ba ta da nisa, amma tana da nauyi. Surukata da ke Geskeru, wadda muke kira Iya, awaki sun shiga lambunta sun cinye yafin tattasanta ƙarƙaf, kuma ba ta rage ko ƙwaya ɗaya ta iri ba. Irin nan na marigayi mijinta Malam ne, mai kaurin ɓawo, wanda 'yan kasuwa ke rububi. Shi kam mun fid da rai. Abin da ya rage shi ne a samo mata wani kafin lokacin yafi ya wuce, in ba haka ba bana ba ta da noma. Ƙanenta da ke Shetimari, wanda muke kira Kawu, ya aiko cewa yana da ragowa. Mai ɗakina ta dube ni, ta dubi mota, ni kuma na gane.

Motar tsohuwa ce 'yar Kwatano, mai tagar gilashi a rufi. Wannan tagar ce ta ruɗe ni na saye ta, ita ce kuma ta hana ni sakat tun ruwan fari, don kowane ruwa sai na tarar da cikin mota a jiƙe. Makanike ya ce robar da ta zagaye gilashin ce ta mutu. Aka sayo sabuwa daga Maiduguri, ya ɓamɓare tsohuwar tana marmashewa, ya kankare gurbinta, ya bi sabuwar da babban yatsa har ta zauna daram. Muka watsa ruwa kofi guda, ko ɗigo. Na tafi ina taƙama.

Hanyar Shetimari gudro ce, wato kwalta, sai dai ramuka sun ci rabonsu. Daji ya fara kore, raƙuma ma sun yi kyan gani. Mun sha esansi, wato fetur, na kwalba a bakin hanya, da naira ake ciniki, wanda ya miƙa sefa sai an tsaya lissafi. Wurin mai shayi kuwa hira ɗaya ce: ina ruwan Komadugu ya iso? Kogin nan rabin shekara rairayi ne, in ya taso kuma sai a riƙa bin labarinsa gari gari kamar na baƙon da ake jira.

Kawu ya tarbe mu da burabusko da miyar kifin banda. Abokina ya ci har ya yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Da za mu tashi, tsohon ya miƙo mini wata 'yar jakar ƙyalle a ɗaure.

"Mushe, wannan shi ne na ƙarshe," in ji shi, don haka surukaina ke kirana, kamar yadda ake kiran ma'aikaci a nan. "Kar ruwa ya gan shi. In ya jiƙe ya kwana, ya mutu."

Na ajiye ta a ƙasa bayan kujerata, inda rana ba ta kai.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya kece. Ina tuƙi ina nuna wa abokina gilashin sama, ina cewa ya ga aikin sabuwar roba. Ya miƙa hannu baya zai ɗauko takalminsa, sai ya ce, "Robarka lafiya lau, amma ƙasan motarka ya zama rijiya." Muka zaro jakar, gindinta ya sha ruwa sharkaf. Wallahi tsoro na ji, ba na wasa ba. Noman shekara na tsohuwa ne a hannuna.

Ruwan ya ɗauke muna shiga Diffa, amma gabas, inda Geskeru take, ta yi baƙi ƙirin. Muna bukatar busasshen wuri da za mu baza irin ya sha iska, ga shi rufin da ke saman kujerar baya ya fara ɗiga. Muka tsaya gindin wata bishiya kusa da mai gyaran keke, muka ce sai mun gano ta inda ruwan ke bi.

Abokina ya taka taya da buta a hannu yana zubawa a hankali, ni ina ciki ina shafawa. Ƙofofi ba su yoyo. Gilashin baya ma haka. Sai muka zuge tagar sama, muka ga ashe akwai 'yar kwata a zagaye da ita, mai tare ruwan da ya tsere wa roba. Ya zuba a kusurwar gaba, ruwan ya ɓace, sai ga shi yana tsiyaya ƙasa ta bayan taya. Wato akwai siririn tiyo a ɓoye cikin jikin mota. Ya zuba ta baya, muka jira, ba abin da ya fito ƙasa. Can sai na ji sanyi a tafin hannuna, ruwan na gangarowa ta bayan yadin da ya rufe jikin mota, yana sauka daidai inda na ajiye jakar Kawu.

Muka sassauta gefen yadin rufi, na haska tocila cikin lungun da hannun makanike bai kai ba. Bakin tiyon ya cushe da rairayi, kuma a kan rairayin ga wasu 'yan tsirrai farare, sirara, suna leƙen haske.

"Kai ma noma kake yi ba ka faɗa mini ba?" in ji abokina.

Nan na tuna. Da kakar bara na yi ta kai buhunan tattasan Iya kasuwar Diffa a kan rufi, kuma kamar yadda duk mai irin motar nan ke yi a nan, ta tagar sama nake zura igiya in ɗaure. Igiyar ce ta cinye roba, buhunan kuma suka yi ta zubar da 'ya'ya, har damina ta same su. Muka kwashe rairayin da cokali, muka zura wayar birkin keke a tiyon, muka bi shi da famfo. Taɓo ya feso ta bayan taya, ruwan buta ya biyo shi tas. Na rantse a raina ba na sake ɗora buhu a rufin nan. Tsirran kuwa abokina ya zuba su da rairayinsu a gwangwanin tumatir, wai zai kai buro, wurin aikinmu, a yi mini dariya.

Ruwa ya sake dukanmu a hanyar Geskeru, ciki kuwa a bushe, iri a baze kan rawani a kujerar baya. Bayan mun sauka daga gudro muka bi rairayi mai danshi, muna jin ƙarar injinan ban ruwa, muna hango mutane na tsallaka rairayin kogi zuwa Najeriya.

Tun da na auri 'yarta, Iya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Daga bayan zana take amsa gaisuwata. Na durƙusa na faɗa wa zanan abin da ya faru, aka shiga da irin. Jim kaɗan ta ce, "A gaya wa Mushe irin bai kwana a jiƙe ba. Yau za a yafa shi."

Abokina, da ba ya barin labari ya huce, ya ɗauko gwangwaninsa ya fara ba da labarin gonar da ke rufin motata. Mutanen gida suna ta dariya, sai muka ga zana ya motsa. Iya ta fito, ta karɓi gwangwanin da hannu biyu.

"Buhunan wa ka ɗora bara?" Ni ta tambaya.

"Naki ne kaɗai, Iya."

Ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana duban tsirran. "Na Malam ne," ta ce, ta goge ido da bakin mayafi. Ni ma sai da na sunkuyar da kai. Da kanta ta dasa su a wata kusurwa daban, ta yi musu inuwa, ta zagaye su da ƙaya, mu kuma muka naɗe wando muka taya yafin irin Kawu.

Mun shigo Diffa ana kiran magariba, taɓo har gwiwa. Na koyi cewa inda ruwa ya taru ba nan ya shigo ba, kuma sabuwar roba ba ta isa ba sai an buɗe wa ruwa hanyar fita. Yanzu kafin damina sai na bi tiyon nan da waya. Rantsuwata ce kawai ban san yadda zan yi da ita ba, don da muna sallama Iya ta dafa motar ta ce, "In kaka ta yi, a rufi za ka ɗora kamar bara. Ta fi ɗakina iya ajiya."

Na ce, "To, Iya."