Malam Ilu da Tagar Luba

Shekara talatin da ɗoriya, hantsi bai taɓa samun Malam Ilu mai gilashi a gida ba. Yana rumfarsa a Yakasai, ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya auna, ya tsaga, ya ɓalle ƙas. Ba shi da hira, amma akwai mita. In ka sayi gilashin roba a wurinsa, robar nan mai haske garau da ba ta tarwatsewa, sai ya raka ka har bakin titi yana cewa, "Ban da busasshen tsumma, ban da kananzir. Ruwa da sabulu kawai." Mun sha yi masa dariya. Yanzu da rawar hannu ta sa ya ajiye aiki, dariyar ta koma ciki.

Ku tambayi Hajiya Dije. 'Yarta Luba, wadda ta haura talatin, tana fama da farfaɗiya. Wata rana ciwon ya kayar da ita a kan gilashin tagar ɗakinta, ya farke mata hannu, sai da aka yi ɗinki tara. Don tsoro, Dije ta sa aka toshe tagar da kwanon rufi. Ɗaki ya yi duhu. Luba ta ajiye ɗinkin hular da take yi, ta daina hira, abinci ma sai an yi da gaske. An tsare hannu, ana neman rasa mai hannun.

Da labari ya iske Malam Ilu, da ƙafarsa ya je. Luba ta rantse babu baƙon da zai shiga ɗakinta ya ga halin da take ciki. Bai ja ba. Daga soro ya miƙa zare, Dije ta auno tagar ta ƙulla. Washegari ya kawo gilashin roba, Dije ta gwada, sai ta ga robar ta gaza zaren da kaurin tsinken ashana biyu.

"Malam, ko dai idon ne ya fara?" in ji ta.

"Hajiya, idona ƙalau. Roba ce, zafin bazara buɗa ta yake yi. In aka matse ta sai ta lanƙwashe ko ta tsage. A bar mata wurin miƙa."

Yana soro yana faɗa, Dije tana ciki tana ɗaurawa, har aka gama. Bazara ta zo ta wuce, taga tana nan. Sau biyu ciwon ya sake buga Luba da ita, ko ɗigon jini. Bana hula bakwai ta ɗinka a gindin tagar.

Malam Ilu, kai ne gwanin da ya san wurin da ake ragewa. Masu sana'a, ku koyi wannan: a gyara wa mutum ba tare da an tona shi ba.

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Har yau Luba ba ta san fuskarka ba, kai ma ba ka san tata ba, amma ta ce a gaya maka tana ganin ramin allura.